Hatimin azurfa ya ce 1797, shin akwatin ma haka?

Baban Khalil: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu ido a kan tsofaffin kaya, ku zo ku taimaka. Ranar Asabar na shiga wata kasuwar gwanjo a bayan garin Upsala, nan ƙasar Suwidin, irin wadda mutanen nan suke kira loppis, na tsinci wani ɗan akwati na katako, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. A kan murfin akwai faifan azurfa mai siffar ƙwai, a bakin makulli kuma akwai wani ƙarami. Tsohon da ya sayar mini ya ce na zamanin Sarki Gustav ne. Na biya kurona ɗari tara, uwargida tana ta harara. Da na zo gida na duba faifan murfin da gilashin ƙara girma, sai na ga tambari huɗu a jere: kambi uku a cikin wani abu kamar ganye, kan mutum da kambi, harafin P da lamba 2, sai wasu haruffa a can gefe da ba su fito sosai ba. Ga hotuna nan. Na yi tsintuwa ko an ci kuɗina?

Ɗan Zinder: Wa alaikumus salam. Malam ka yi sa'a. Kambi uku ai tambarin gwamnatin Suwidin ne, kan mutumin nan kuma Waliyi Erik ne, alamar birnin Sitokholm. P2 shekara ce, kowace shekara da harafinta, lambar kuma zagayen haruffan take nunawa. Zagaye na biyu ya fara 1783 da harafin A. Ka ƙirga zuwa P, harafi na sha shida, ya ba ka 1798. Ka ɓoye shi kawai.

Hajiya Malmo: Ɗan Zinder, ka kusa amma ka zarce da shekara ɗaya. Ba sa sa J a jerin, kuma V da W gurbi ɗaya suke ci, shi ya sa haruffan 24 ne cif. P ta zama ta sha biyar, wato 1797. Zagayen farko ya fara a 1759 da A babu lamba, ya ƙare 1782 da Z. A2 ita ce 1783, A3 1807, A4 1831, A5 1855, A6 1879, A7 1903, A8 1927, A9 1951. Kullum ka ƙara 24. Ni na haddace shi ne saboda cokulan da nake tarawa. Tambarin kambi ukun kuwa ya riga wannan tsarin haruffan, tun 1754 aka fara buga shi, su suna ce masa kattfoten, tafin kyanwa, don in ka duba siffarsa kamar sawun mage a ƙasa.

Kuma Baban Khalil, in 1797 ce, Gustav na Uku ya riga ya mutu, an harbe shi a gidan rawa a 1792. Ɗansa ne a kan mulki. Sai dai salon kayan da ake kira da sunansa ya ci gaba har wajen 1810, don haka tsohon bai yi ƙarya ba ta wannan fuskar.

Ɗan Zinder: Na karɓi gyara Hajiya. Shekara ɗaya ai ba ta hana arziki.

Baban Khalil: Alhamdu lillahi. Wato akwatin ya haura shekara ɗari biyu ke nan?

Kafintan Ƙofar Mata: Tsaya tukuna ɗan'uwa. Ni shekara goma sha ɗaya ina gyaran tsofaffin kujeru da kabad a wani shago a Yotebori, kuma abin da zan faɗa ba zai yi daɗi ba. Abin da Hajiya ta karanta gaskiya ne, amma shekarar faifan ta karanta maka. Hatimin nan maƙeri ne ya kai azurfarsa ofishin awo aka buga. Kafintan da ya haɗa akwatin ba ya wurin. Faifan azurfa abu ne da ƙusa biyu ko uku ke riƙe da shi, yau yana jikin wannan, gobe yana jikin wancan. Na sha cire kayan ƙarfe daga kabad ɗin da ƙwaro ya cinye na ajiye a gwangwani, in an kawo wani da nasa ya ɓace na sa masa. Ni ina gaya wa mai kaya. Ba kowa ke faɗa ba.

Sannan akwai abin da ya kamata kowa a nan ya sani. Kayan ɗaki na Skandinebiya na ƙarni na 18, yawancin hannayensu da bakin makullansu tagulla ce, wasu an sha musu ruwan zinari, na ƙauye kuma baƙin ƙarfe. Ko manyan durowoyin Georg Haupt, wanda ya yi wa fada aiki ya rasu 1784, tagulla mai ruwan zinari ce a jikinsu. Azurfa tsantsa sai a ƙananan abubuwa irin naka: akwatin ɗinki, battar shayi, akwatin takardu. Don haka in aka nuna maka babbar durowa aka ce hannayenta azurfa ne tun asali, ka ƙara buɗe ido.

Maman Ilham: To ni kuwa na ga kujerar azurfa da idona a fadar Sitokholm, ta Sarauniya Kristina.

Kafintan Ƙofar Mata: Ƙwarai Maman Ilham, tana nan. Amma wannan kayan sarauta ne, kuma ba a Suwidin aka yi ta ba. A birnin Augsburg na Jamus Abraham Drentwett ya ƙera ta, Magnus Gabriel De la Gardie ya ba sarauniya kyauta a 1650. Haka in ki je fadar Rosenborg a Kofenhagen za ki ga zakuna uku na azurfa da tebura. Waɗannan ba sa zuwa loppis.

Malam Na Bergen: Bari in ɗan yi wa Kafinta musu. Kana magana kamar hatimin ba shi da wani amfani. Ai ko ba komai ya ba mu iyaka. Kuma a ganina mutum ba zai ɗauki faifan 1797 ya manna wa akwatin banza ya sayar kurona ɗari tara ba. Mai son cuta da ya tsawwala kuɗi.

Kafintan Ƙofar Mata: Malam, ban ce ba shi da amfani ba. In an tabbatar tare aka haife su, ai babu shaidar da ta fi shi, har shekara yake ba ka, abin da katako ba zai yi maka da ido ba. Tabbatarwar ce aikin. Kuma ba dole sai da niyyar cuta ba. Wata baiwar Allah a 1880 tana iya samun faifan kakarta mai haruffan sunanta ta kai wa kafinta ta ce a sa mata a sabon akwati. Shekara ɗari bayan nan jikokinta su rantse maka tare aka yi su, kuma da zuciya ɗaya suke rantsuwar.

Alhaji Tsoho: Kun tuna mini da liyarin da iyayenmu mata suke ratayawa, wanda maƙera suke narkewa su yi mundaye. Kowanne ka ɗauka 1780 ce a jikinsa, shekarar da sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta rasu, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan ta da shekaru fiye da ɗari. Wani yaro ya taɓa kawo mini ɗaya a Kano yana cewa ya samu kuɗin da ya girmi jihadin Shehu Ɗan Fodiyo. Na ce masa ya je ya auna nauyinsa kawai.

Hajiya Malmo: Baba Alhaji, misalin ya yi kusa, sai dai akwai bambanci. Shekarar liyari a daskare take. Harafin Suwidin kuwa yana sauyawa duk shekara, kuma gwamnati ce ke sa ido. Matsalarsa ita ce wadda Kafinta ya faɗa, yana iya ƙaura.

Baban Khalil, ba ka ce komai ba a kan ƙaramin faifan bakin makulli. Akwai tambari a jikinsa? Ka duba ko za ka ga harafin S a cikin gida mai kusurwa shida kusa da kambin.

Baban Khalil: Hajiya na duba. Na murfin babu S. Amma na bakin makullin akwai, ƙanana ƙwarai, sai da na haska da fitilar waya daga gefe. Kambi uku, S, sai G8.

Hajiya Malmo: To ka gani. S ɗin nan ba a fara ta ba sai wajen 1912. G harafi na bakwai ne, zagaye na takwas ya fara 1927, G8 ta zama 1933. Akwatinka yana ɗauke da azurfa biyu da shekara 136 a tsakaninsu.

Ɗan Zinder: Kai! To wanne za mu ɗauka?

Malam Na Bergen: Na murfin mana. Bakin makulli shi ne wurin da ya fi shan wahala, kullum ana sa makulli ana cirewa. Ya lalace a 1933 aka sake. Wannan ma ƙarin hujja ce cewa akwatin tsoho ne mai daraja, tunda har aka kashe masa kuɗin azurfa wajen gyara.

Kafintan Ƙofar Mata: Yana yiwuwa, Malam. Yana kuma yiwuwa a 1933 ɗin aka sa duka biyun. Ba za mu sani ba sai an leƙa ƙarƙashi. Baban Khalil, in kana da haƙuri ga yadda za ka yi. Kar ka sa sukundireba ka ɓamɓare. Fara duba abin da ke riƙe da faifan, ƙusa ce ko sukuru. In ƙananan ƙusoshi ne, samu siririn katin roba ka zura a hankali daga gefe, kana ɗagawa kaɗan kaɗan. In ya ƙi, bar shi, kar ka fasa fatar katakon.

In ya fita, abu uku za ka duba. Launin katakon da ke ƙarƙashi: wurin da aka rufe shekara ɗari biyu bai ga rana ba, bai sha mai da hannun mutane ba, dole ya bambanta da kewayensa, kuma inuwar ta bi siffar faifan daidai. Sai ramuka: in ƙusa uku ce, ramuka uku ya kamata ka gani, ba biyar ba. Sai bayan faifan kansa da baƙin dattin da ke taruwa a gefensa.

Sannan ka ɗauko mana hoton hinjin murfin da sukurorinsa, da ƙasan akwatin, da kusurwa ta ciki inda katako ya cije katako.

Maman Ilham: Kafin ya dawo, ni ma ina da tambaya. Ina da wani madubi da na saya a Odense, a ƙasan firam ɗinsa akwai ɗan faifai da hasumiya biyu. An ce mini hasumiya alamar azurfar Denmak ce.

Hajiya Malmo: Ƙirga su da kyau 'yar'uwa. Hasumiya uku ita ce azurfar Kofenhagen, tun 1608 ake buga ta, kuma a ƙarƙashinta za ki ga lambobi biyu na ƙarshen shekara. Hasumiya biyu kuwa ruwan azurfa ne aka sha wa wani ƙarfe. Mutane da yawa sun faɗa wannan ramin.

Maman Ilham: Biyu ne. Inna lillahi.

Hajiya Malmo: Ba komai, madubi dai yana nuna fuska. Kuma ko mai uku ce, lambobi biyun suna ruɗarwa. In kika ga 19, 1819 ce ko 1919? Sai kin duba tambarin jami'in awo da ke gefe. Simon Groth ya riƙe ofishin daga 1863 zuwa 1904, Christian F. Heise daga 1904 zuwa 1932, Johannes Siggaard daga 1932 zuwa 1960. In kin ga 19 da haruffan Heise, 1919 ce ba makawa. A tsofaffin kayansu har wata suke bugawa, da alamar taurarin watan.

Malam Na Bergen: A nan Norwe kafin 1891 kowane gari da nasa. Bergen ƙofar gari ce a kan ƙwallaye bakwai, Trondheim fure, Kristiania, wato Oslo ta yau, harafin C da kambi. Bayan dokar 1891 sai 830S da tambarin maƙeri, babu shekara. Wato in ka ga 830S a jikin akwatin da aka ce na 1750 ne, ka san an taɓa shi. Azurfar kuwa suna da ita a gida, ma'adinin Kongsberg ya yi aiki tun 1623 har 1958. Amma duk da haka manyan adakokin ƙauye da na gani, masu fentin furanni, baƙin ƙarfe ne a jikinsu, kuma shekarar da haruffan sunan amarya a fenti ake rubuta su a gaba.

Kafintan Ƙofar Mata: Ita ma shekarar fentin ba kullum ba ce shekarar adakar. Na taɓa goge wata mai 1841 a gaba, na tarar da wani fenti a ƙasa da wata shekara dabam. An sake yi wa 'ya ado da adakar uwarta.

Ɗan Zinder: Ni kam na ruɗe. To ta yaya ma za a gane azurfa ce ko ba ita ba in babu tambari? Ni mayen ƙarfe nake sawa.

Kafintan Ƙofar Mata: Mayen ƙarfe baƙin ƙarfe kawai yake tona wa asiri, tagulla ma ba ya kama ta. Duba gefuna da wurin da yatsa ke gogawa. In rawaya tana leƙowa, tagulla ce aka lulluɓe. A ƙarni na 18 suna da wata dabara da suke kira argent haché da Faransanci, a karce tagullar a zafafa ta a danna mata fallayen azurfa. Wannan in ka same shi a durowar zamanin, abu ne mai kyau, kar ka raina. Shafa azurfa da lantarki kuwa sai bayan 1840. In ka ga NS, nysilver ke nan, gaurayen jan ƙarfe da wasu ƙarafa ne, azurfar da ke jikinsa in akwai shafe ce kawai. Kuma don Allah kar wanda ya ɗiga asid a jikin kayan da yake so.

Wani abin da ke ruɗa mutane: farin ƙarfen kuza ma a Suwidin haruffan shekara iri ɗaya ake buga masa. Kayan Svenskt Tenn, kamfanin da Estrid Ericson ta kafa a 1924, za ka ga madubi ko tebur da C8 a jiki, wato 1929, ka ɗauka azurfa ce.

Baban Khalil: Na dawo. Hannuna har rawa yake. Ƙusoshi uku ne, biyu sun fito da sauƙi, ta ukun ta ɗan ba ni wahala amma katakon bai fashe ba. Ga abin da na gani. Ƙarƙashin faifan launinsa kusan ɗaya da sauran murfin, ɗan duhu kaɗan ne bambancin. A tsakiya akwai wata inuwa ƙarama mai kusurwa huɗu, ta fi duhu sosai, da ramuka biyu da aka cike da wani abu mai kama da kakin zuma. Sannan haruffan maƙerin da na ce ba su fito ba, ashe ba gogewa suka yi ba. Bakin faifan ne ya yanke su, rabin harafi ya tafi. Bayansa kuma a lanƙwashe yake kaɗan, an buga shi an miƙar.

Hajiya Malmo: Shi ke nan. Ba maƙerin da zai buga sunansa a inda zai yanke shi. An yanko faifan ne daga jikin wani abu, ƙila kofi ko murfin batta.

Malam Na Bergen: To Kafinta, na sallama a kan faifan. Amma inuwar nan mai kusurwa huɗu ai tana tare da ni. Akwai wani abu a wurin tun da, ya daɗe har ya bar sawu, sannan aka cire. Akwatin ya riga gyaran da shekaru masu yawa.

Kafintan Ƙofar Mata: A nan muna tare. Na duba sauran hotunan. Jikin akwatin fain ne, katakon da suke kira furu, an lulluɓe shi da fatar saiwar itacen al, mai idanu idanu ɗin nan. Sun so ta ƙwarai a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Fatar tana da kauri, kuma kaurin bai daidaita ba, alamar da zarton hannu aka yanka. Haƙoran kusurwa ma da hannu aka sara su, ga layin da kafinta ya ja nan. Ƙasan babu sawun zarto mai juyawa. Sukurori kuwa biyu ne iri: a hinjin hagu akwai ɗaya da tsagar kanta ta karkace daga tsakiya. In ka kwance ta ka ga bakinta a dakushe, babu tsini, ta hannu ce. Masu tsini na inji sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 suka yaɗu. Sauran ukun sababbi ne.

In ka tambaye ni, zan ce tsakanin 1790 da 1840, ba zan matse fiye da haka daga hoto ba. Abin dariyar shi ne 1797 tana cikin wannan zangon, amma ba faifan ne ya gaya mana ba.

Duba kuma ƙarƙashi da cikin murfin ko akwai haruffa da aka danna a katakon ko guntun takarda da aka manna. Kafintocin Sitokholm suna sa alamarsu, ƙungiyarsu ma tana da nata hatimi kafin a rushe tsarin ƙungiyoyin sana'a a 1846. A ƙananan akwatuna ba kasafai ake samu ba, amma dubawa ba ta cin kuɗi.

Baban Khalil: Na kwance sukurun, bakinsa a dakushe yake kamar yadda ka ce. Haruffa babu, takarda babu. Akwai dai lamba 14 da fensir a ƙasa.

Alhaji Tsoho: Lambar ɗan gwanjo ce wannan.

Ɗan Zinder: To yanzu ya ci riba ko ya faɗi? Abin da nake jira ke nan tun ɗazu.

Hajiya Malmo: Gidajen gwanjo na nan suna duba kaya kyauta in ka aika musu hoto. Ya aika, amma ya rubuta musu duk abin da muka gano, da hoton ƙarƙashin faifan.

Baban Khalil: Ba na jin zan sayar. Uwargida da ke harara ta riga ta zuba zobbanta a ciki. Tambayata ta ƙarshe, Kafinta: in mayar da faifan ko in bar inuwar a fili?

Kafintan Ƙofar Mata: Mayar da shi da ƙusoshinsa, a ramukansu, kar ka sa gam. Ya kwana a wurin tun wataƙila 1933, ya zama ɗan gida. Ka rubuta abin da ka gani a ƙarƙashinsa a 'yar takarda ka ajiye a ciki. Kuma kar ka goge shi da man goge ƙarfe yana jikin katakon, farin garin nan yana shiga idanun saiwar ya ƙi fita.

Maman Ilham: Hajiya, na sake duba madubina da fitila. Bayan hasumiyoyin akwai wasu haruffa uku a gefe. Bari in ɗauko hoto in turo.